Gunvor, Matar da ta Ajiye Biro ta Koma Kujerar Shaida

Ƙarfe bakwai da kwata na safe, ko ruwa ake yi ko dusar ƙanƙara, Gunvor Aspelund ta riga ta ɗaure tsohon kekenta a bayan ginin ofisoshi, ta hau bene na biyu da ƙafa. Abu na farko da take yi shi ne ta ɗora kofi. Daga nan sai ta shiga ɗakin taro ta buɗe taga na minti biyar, ko da sanyi na tsaga ƙashi, wai ɗakin da za a yanke wa mutum hukunci bai kamata ya kwana da iskar jiya ba. Ta jera kujeru, ta ajiye tulun ruwa da kofuna a tsakiyar tebur, ta tura kwalin takardar share hawaye zuwa gefen da ɗalibi zai zauna, yadda hannunsa zai kai ba sai ya roƙa ba. Kafin sauranmu mu fara shigowa muna karkaɗe lema, ita ta karanta fayil biyu.

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, shi ya sa na ga bai dace ta fita shiru kamar yadda ta saba yin komai ba.

Gunvor ita ce sakatariyar kwamitin ladabtarwa a makarantarmu, inda ake karatun digiri na biyu da na uku kan ilimin teku, a nan gaɓar yammacin Sweden. Aikin ba mai suna ba ne. Ba ta da ƙuri'a a kwamiti, ba ta da bakin magana idan an zauna. Nata ta karɓi ƙara, ta aika wa ɗalibi sammaci, ta rubuta abin da kowa ya faɗa, ta buga hukunci ta kai a sa hannu. Ɗalibai da yawa sun shigo sun gama ba su san da ita ba, kuma ita da bakinta tana cewa haka ta fi so, don wanda ya san ofishinta ba alheri ne ya kai shi ba.

Amma waɗanda suka san ofishin ba su manta shi ba. Lokacin da ta fara aiki, wasiƙar sammacin makarantar nan shafi biyu ce cike da kalmomin lauyoyi, mutum ya karanta sau uku bai san ko korarsa aka yi ko kiransa ake yi ba. Ta yi ta bin shugabanni har suka yarda ta sake rubuta ta. Yanzu layi takwas ce: ga abin da aka ce ka yi, ga ranar da za a saurare ka, kana da ikon zuwa da wanda ka yarda da shi, ga lambata. Kuma ba ta taɓa aika irin wannan wasiƙa ranar Juma'a ba. Wani sabon shugaban sashe ya taɓa matsa mata kan haka, sai ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau.

"Kai za ka zauna da shi Asabar da Lahadi?" ta tambaye shi. "Ofis a rufe, ba wanda zai kira, shi kaɗai a ɗaki da takarda. Litinin ba gudu za ta yi ba."

Kada wani ya ɗauka sanyin hali ne da ita. Ɗalibai suna kiranta Gunvor Sashe a bayan idonta, saboda ta haddace littafin dokokin makarantar sashe-sashe kamar lambar gidanta. Akwai wani ɗalibin digiri na uku, kyakkyawa mai zaƙin baki, da aka kama ya kwashe shafi arba'in daga aikin wani ya sa a nasa. Ya shigo mata da furanni a hannu.

"Gunvor, ke ma kin san kuskuren kwamfuta ne. Idan fayil ɗin ya ɗan yi jinkiri har in kare kundina, wa zai sani?"

"Ni," in ji ta. "Furannin na mamarka ne? Ka kai mata, za ta buƙace su. Zamanka ranar Laraba ne, ƙarfe goma. Ka zo da gaskiya, ta fi sauƙin tunawa."

Haka take da malamai ma. Duk wanda zai yi walima bayan kare kundi, kuma yana son a sha giya a cikin ginin makaranta, sai ya cika takarda a wajenta kwana goma kafin ranar. Sai ya rubuta sunan mutum ɗaya da ba zai sha ba, wanda zai zama na ƙarshen fita, kuma sai an tanadi lemo da ruwa daidai yawan giyar. Farfesoshi masu furfura sun sha tsayawa a bakin ƙofarta suna marairaicewa, "Haba Gunvor, kwalba shida ce fa kawai." Ita kuwa sai ta miƙo takardar da biro, ba ta ko ɗago kai.

Gunvor, ke ce wadda ba a saye ki da fure ba, ba a kuma tsorata ki da muƙami ba. Amma ba don wannan kaɗai nake rubutu ba. Akwai abin da ya faru shekara tara da suka wuce, wanda mu da muke wurin muka gani da idonmu, ke kuma ba ki taɓa ba da labarinsa ba.

Makarantarmu tana da tashar bincike a wani ƙaramin tsibiri, tafiyar minti arba'in a jirgin ruwa. Can ɗalibai suke zama makonni suna ɗibar samfur. A shekarar Gunvor ta biyar da fara aiki, wani ɗalibi mai suna Arvid ya sha giya a can, ya shiga kwale-kwale shi kaɗai, ba a gan shi ba sai bayan kwana uku. Malamin da ke duba aikinsa a lokacin matashi ne, Torsten Wallmark, kuma yana cikin jirgin da ya tsamo gawar. Shi ya rubuta dokar da ta zama sashe na goma sha huɗu: ba a shiga tsibiri da giya, wanda ya kai, da wanda ya sha, da wanda ya zauna a inda ake sha, duk dakatarwa ce ta wata shida. Gunvor ce ta buga dokar da hannunta a kan tafireta, kuma ta ce a ranar ba ta ga aibunta ba ko kaɗan.

Shekara goma sha bakwai suka wuce ba a kawo ƙarar giya ko ɗaya daga tsibirin ba. Torsten ya zama shugaban makaranta, kuma shi ne shugaban kwamitin ladabtarwa. Duk taron sababbin ɗalibai sai ya ambaci wannan shirun da alfahari.

Sai wata Asabar a ƙarshen watan Mayu. Ɗalibai shida sun gama mako uku suna nutso cikin ruwan sanyi suna auna ciyawar teku, rana ta fito tarwai, babu malami a tsibirin sai Litinin. Ɗaya daga cikinsu, Hampus Norell, ashe ya ɓoye kwalaben barasa mai ƙarfi a cikin jakar takalman roba. Da tsakar rana suka zauna a kan dutse bayan rumfar jirage suka buɗe. Hampus ya fi kowa sha. Ya tashi zai yi fitsari, ƙafarsa ta zame a kan gansakuka, ƙeyarsa ta bugi dutse. Ya kwanta yana wani irin minshari, ana kiransa ba ya amsawa.

Huɗu suka ce a ɗauke shi a kai gado, barci zai yi ya wartsake. "Idan kika kira masu ceto, mu duka za a dakatar," in ji ɗaya. Wadda ake faɗa wa haka ita ce Tuva Brandel, 'yar wani ƙauye can arewa, mai shiru-shiru, wadda saura mata wata huɗu ta gama digirinta na biyu. Ita ma ta sha kofi biyu. Ta dube su, ta dubi Hampus, ta ciro waya ta kira masu ceto, ta faɗi cikakken sunanta. Kafin jirgi mai saukar ungulu ya iso, huɗun sun kwashe kwalabe sun shige ɗakunansu sun goge baki. Ita kaɗai aka tarar a durƙushe, ta tallafe kansa da rigarta. Likitoci suka ce jini ne ya taru a cikin kansa, da an kai shi gado da bai farka ba.

Ranar Litinin rahoto ya iso teburin Gunvor da sunaye biyu: Hampus da Tuva. Kamar yadda ta saba, kafin ta aika wasiƙa sai ta kira yarinyar a waya, ta ce ta zo su sha kofi. Tuva ta zo, ta zauna a bakin kujera ba ta cire kwat ba. Gunvor ta karanta mata sashe na goma sha huɗu ba ta rage komai ba, ta gaya mata abin da wata shida ke nufi: lokacin ɗibar samfur zai wuce, gurbin digiri na uku da aka yi mata alkawari zai koma hannun wani.

"Za su tambaye ki su wa ke wurin," in ji Gunvor. "Idan kika faɗa, mai yiwuwa su sassauta."

"Ba zan faɗa ba."

"To. Ni ma ba zan tambaye ki ba, ba aikina ba ne. Ci burodin nan, na kirfa ne, da safe na saya."

Tuva ta ɗauka ta riƙe kawai. Can ta ce, "Ban yi da-na-sani ba. Amma ki gaya min gaskiya, Gunvor. Duk tsibirin sun san abin da ya faru, sun san wa aka kira ofis, wa ba a kira ba. Idan wani ya sake faɗuwa baɗi, kina ganin akwai wawan da zai ɗauki waya?"

Gunvor ta san amsar, kuma ta daɗe da saninta. Shekara shida kafin nan, wani ɗalibi mai suna Sixten Moberg ya leƙo ofishinta ranar da ya karɓi takardar shaidarsa. Ya rufe ƙofa, ya ce akwai abin da yake son ya sauke kafin ya bar garin. Ya ba ta labarin yadda su uku suka yini a rumfar jirage suna gadin abokinsu da giya ta kayar, suna juya shi kada amai ya shaƙe shi, suna sa kunne a ƙirjinsa, waya a hannu amma ba wanda ya iya dannawa. Abokin ya tashi, sun yi sa'a. Sixten ya roƙe ta kada maganar ta fita. Ta riƙe amanar, ta ba shi haƙuri, ta koma bakin aikinta. Shekara shida tana jin Torsten yana alfahari da shirun tsibiri, tana rubutawa a takarda.

Da ta koma gida ranar, mijinta Rune, tsohon direban bas, ya lura ta bar dankalinta ya huce a faranti. Ta gaya masa abin da take shirin yi.

"Ke da ba ki da ƙuri'a?" ya ce.

"Ina da baki."

"Wannan kam na shaida, shekara talatin ina shan sa. Amma a can fa? Za su iya ɗauke ki daga kujerar."

"Na sani. Ni na buga wannan dokar ma."

Washegari ta nemo lambar Sixten, wanda a lokacin yake aiki da hukumar kamun kifi a wani gari. Ta ce masa ba za ta faɗi kalma ɗaya ba sai da izininsa. Ya ce ta faɗa, har da sunansa, amma ban da na abokin. Daga nan ta wuce ofishin Torsten. Ba ta so ya fara jin maganar a gaban mutane.

Waɗanda ke ofishin waje sun ji yawancin abin da aka faɗa, don Torsten mutum ne mai babbar murya.

"Shekara goma sha bakwai, Gunvor! Ko ƙara ɗaya. Dokar tana aiki."

"Ba daina sha suka yi ba, Torsten. Daina gaya mana suka yi."

"Wannan zato ne."

"Ba zato ba ne. Ina da wanda ya gaya min, kuma zan faɗa a gaban kwamiti."

"Ke ba ki ga Arvid ba lokacin da muka ɗago shi. Ba ki ga fuskar uwarsa ba."

"Shi ban gan shi ba. Uwarsa kuwa a ofishina ta zauna awa biyu tana jiran a kawo mata jakarsa. Ni na riƙe mata kofi tana sha. Kada ka gaya min ban san abin da ake tsoro ba. Yarinyar nan ita ta hana ka ganin uwa ta biyu, kai kuma za ka kore ta wata shida."

Aka ji kujera ta motsa. Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa. Ya tuna mata cewa sakatariyar da ta ɗauki ɓangare a shari'a ba za ta ci gaba da riƙe biron kwamiti ba.

"Sashe na ashirin da biyu," in ji ta. "Ga takardata, na janye daga rubuta wannan zaman. Na roƙi a saurare ni a matsayin shaida. Abin da za ka yi da ni bayan nan, naka ne."

Ranar zaman ta buɗe taga, ta jera kujeru kamar kullum, sannan ta fita ta zauna a bencin baranda kusa da Tuva, inda masu laifi da shaidu ke jira. Wata ma'aikaciya daga ofishin ɗaukar ɗalibai ce ta zauna a gurbinta. Hampus yana asibiti har lokacin, ya aiko da rubutacciyar sanarwa cewa shi ya kai barasar, shi kaɗai.

Aka fara kiran Tuva. Ta amsa cewa ta sha. Sau uku Torsten ya tambaye ta sunayen sauran, sau uku ta ce ita abin da ta yi kawai za ta faɗa. Sannan aka kira Gunvor. Ta shiga ta zauna a kujerar da ta shekara ashirin da biyu tana kallo daga ɗaya gefen tebur, ta ɗora hannayenta a cinya, don babu biron da za ta riƙe.

Ba ta yi doguwar magana ba. Ta ba da labarin Sixten kamar yadda ya ba ta. Alƙaliyar da doka ta tanada ta zauna a kwamitin, dattijuwa mai kaifin ido, ta tambaye ta me ya sa sai yanzu.

"Don na ji tsoro," in ji Gunvor. "Na ce wa kaina amana ce, kuma amanar ce. Amma da na so, da na nemi izininsa tun a lokacin kamar yadda na nema yanzu. Na zaɓi in yi shiru don ya fi sauƙi. Da Hampus ya mutu ranar Asabar, da ina cikin waɗanda suka kai shi gado. Ban zo in ce Tuva ba ta karya doka ba, ta karya, ta faɗa da bakinta. Abin da na zo in ce shi ne, duk hukuncin da kuka yanke yau, ba ita kaɗai za ta karanta shi ba. Kowane ɗalibi da zai taka tsibirin nan zai karanta, kuma da shi zai yi shawara ranar da abokinsa ya faɗi."

Aka sallame su, aka rufe ƙofa. Awa ɗaya da rabi suna ciki. Tuva ta ce duk tsawon lokacin tambaya ɗaya kawai Gunvor ta yi mata: wai ita ciyawar tekun nan, mene ne amfaninta? Ta yi ta bayani har ta manta inda take.

Uku suka rinjayi biyu. An sami wani sashe da ya ba kwamiti ikon sassautawa idan akwai dalili mai ƙarfi, aka ba Tuva gargaɗi a rubuce. Hampus aka ba shi wata shidansa cif. Torsten yana cikin biyun da suka ƙi, kuma ya sa aka rubuta haka.

Abin bai wuce wa Gunvor a banza ba. Aka ɗauke ta daga kwamitin aka tura ta ɗakin ajiyar tsofaffin takardu a ƙarƙashin gini, wai na ɗan lokaci. Babu taga a wurin. A wurin shan kofi na ƙarfe goma, idan ta shigo sai Torsten ya ɗauki kofinsa ya fita. Mutanen da suka yi shekara ashirin suna zama tebur ɗaya. Wasu daga cikinmu, kuma ina jin kunyar faɗa, muka rage zama kusa da ita, don ba mu san ina iska za ta kaɗa ba. Ba ta yi ƙorafi ga kowa ba. Ta jera takardun shekara hamsin bisa tsari, har yau da jerinta ake amfani.

Da Hampus ya dawo bayan wata shida, ya rame, yana tafiya yana kallon ƙasa, can ƙarƙashin ginin ya sauka ya same ta. Ya ce ya zo ya ba da haƙuri, don ya ji saboda shi aka sauko da ita.

"Ba saboda kai ba ne, kada ka ɗaukar wa kanka girma," ta ce. "Zauna. Tun da ka fito asibiti ka sha?"

Ya gyaɗa kai, idonsa a ƙasa.

"To tashi. Akwai wata mata a asibitin ɗalibai da ta san wannan aikin. Ba zan ba ka lamba ba, don ba za ka kira ba. Ɗauko min kwat ɗina."

Da ƙafa ta raka shi, ta zauna a ɗakin jira har ya fito. Bai daina a rana ɗaya ba, ya faɗi ya tashi fiye da sau ɗaya, kuma ya gama karatu a makare da shekara guda. Amma ya gama. Yanzu malamin sakandare ne, yana da 'ya'ya biyu, kuma shi ya ce in rubuta sunansa yadda yake.

A cikin watan Fabrairu, wata tara bayan zaman, aka ji takun mutum mai nauyi a matakalar ƙarƙashin gini. Torsten ne, da takarda a hannu. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon akwatuna.

"Sanyi ake yi a nan," ya ce.

"Tun watan Oktoba."

Ya miƙa mata takardar. Ya ce ya je ya ga Sixten da kansa, sun yi yini guda. Ya rubuta ƙari a sashe na goma sha huɗu, yana son ta duba kafin ya kai majalisar makaranta. Ta sa tabarau ta karanta. Sakin layi uku ne, cike da "muddin" da "sai dai idan" da "ba tare da tauye".

"Wa ka rubuta wa wannan?" ta tambaye shi.

"Ɗalibai mana."

"A'a, lauyoyi ka rubuta wa. Wanda zai tuna da wannan yana cikin maye, yana jin tsoro, abokinsa na kwance a gabansa. Ba ni biro."

Ta bar masa sakin layinsa uku don littafin doka, amma ta rubuta a ƙasa abin da za a manna a ƙofar rumfar jirage da kowane ɗakin kwana: "Idan wani ya faɗi, ka kira. Ka tsaya tare da shi. Ba za a hukunta ka don ka kira ba." Haramcin giya a tsibiri yana nan yadda yake, ba ta taɓa neman a cire shi ba. Torsten ya karanta layin sau biyu, ya naɗe takardar ya sa a aljihu.

"Zaman kwamiti na gaba ranar Laraba ne," ya ce. "Wadda ke rubutawa yanzu ba ta iya waƙafi ba."

"Ta iya. Kai ne ba ka iya ba da haƙuri ba."

"Ban iya ba," ya ce. "Za ki zo?"

Ta zo.

Daga lokacin zuwa yau, sau huɗu aka kira masu ceto daga tsibirin saboda giya. Wani zai ce abin kunya ne ga makaranta. Mu da muka san yadda shirun baya yake, ba haka muke gani ba. Dukan huɗun suna raye. Na ƙarshe a kakar bara ne, wani ɗan shekarar farko ya kira cikin minti biyu, ya faɗi sunansa ba ko gargada. Da aka tambaye shi ko bai ji tsoron hukunci ba, sai ya yi mamakin tambayar, ya ce ai a jikin ƙofa aka rubuta. Bai san wa ya rubuta ba.

Ke ce kika rubuta, Gunvor. Ke ce kika nuna mana cewa mai tsare doka na gaskiya shi ne wanda zai iya tashi ya ce dokar da na buga da hannuna tana cutar da waɗanda aka yi ta dominsu, kuma ya faɗa ta ƙofar gaba, da takarda, a gaban wanda zai ji haushi. Kin fara da laifin kanki kafin ki nuna na wani. Uwar ɗakin masu jiran hukunci, wadda ba ta taɓa yi wa ɗalibi ƙarya don ya ji daɗi ba, ba ta kuma taɓa barinsa ya fita ba tare da ya san mataki na gaba ba.

Ranar Alhamis da ta wuce aka yi mata walimar ban kwana a ɗakin cin abinci, da kek da kofi. Torsten, wanda ya yi ritaya shekara huɗu da suka wuce, ya zo da sanda, ya yi jawabin da bai kai minti ɗaya ba, ya zauna yana goge tabarau. Sai Tuva ta miƙe. Ta gama digirinta na uku, kuma ita ce ke kula da tashar tsibirin yanzu. Ta ce ta binciki littafin baƙi na tashar tun daga farkonsa, ta gano wani abin mamaki: babu sunan Gunvor Aspelund a ciki ko sau ɗaya.

Ɗakin ya ɗauki hayaniya. Shekara talatin da ɗaya a makarantar teku, ba ta taɓa taka tsibirin ba?

"Jirgin ruwa na sa ni amai," in ji Gunvor, fuskarta ta yi ja. "Ko a baho ba na son a girgiza ni."

"Jirgi zai tashi Asabar ƙarfe tara," in ji Tuva. "Ni zan tuƙa, a hankali. Na tanadi bokiti. Akwai wata ƙofa da nake so ki gani."

Gunvor ta dubi Rune, Rune ya ɗaga kafaɗa yana dariya. "To," ta ce, "amma idan na mutu a hanya, ke za ki cika takardar."

Ta je. An ce ta yi amfani da bokitin sau biyu, kuma ta daɗe a tsaye gaban ƙofar rumfar jirage tana karanta rubutun, sannan ta nuna wa Tuva cewa kusa ɗaya ta yi tsatsa, a canza ta kafin hunturu.

Mun gode, Gunvor. Ɗaliban da suka san ki sun gode, iyayen da ba su san sunanki ba kuma mun gode a madadinsu. Allah ya ba ki lafiya da doguwar hutawa, ke da Rune. Ku kuma da ke zaune a ƙarshen tebur a ofisoshi da makarantu da asibitoci, kuna rubuta abin da manya suka faɗa, kuna ganin abin da ba su gani, kada ku ce ba ku da ƙuri'a. Ita ma ba ta da ita. Idan kun san abin da zai ceci ran wani, ku nemi izinin magana, ku faɗa tun mutumin yana numfashi.